Zaɓen Makaranta a Ƙetare: Kwantiragin Shekara 3, Karatun Shekara 13

ABUJA — Ma'aikacin da aka tura aiki wata ƙasa, ko jami'in ofishin jakadanci ne, ko likita, ko injiniyan kamfanin mai, galibi wa'adin da ke cikin takardar aikinsa bai wuce shekara 2 zuwa 4 ba. Yaron da ya tafi da shi kuwa, karatun firamare da sakandare da ke gabansa shekara 12 ne ko 13, gwargwadon tsarin da aka sa shi. Wannan rata da ke tsakanin wa'adin aikin uba da wa'adin karatun ɗa ita ce tushen yawancin asarar kuɗi da ta shekaru da iyalai mazauna ƙetare kan yi a makarantun da ake kira na ƙasa-da-ƙasa. Ita ce kuma aka fi mantawa da ita a ranar da ake zagayawa da iyaye ana nuna masu wurin ninƙaya da ɗakin kwamfuta.

Lamarin ya shafi Nijeriya ta fuska biyu. Akwai 'yan ƙasar da ke zaune da iyalansu a Jidda, Riyad, Dubai, Doha, Nairobi da sauran birane, akwai kuma baƙi ma'aikatan kamfanoni da ofisoshin jakadanci da ke Legas, Abuja da Fatakwal, waɗanda sau da yawa samun makarantar da ta dace da 'ya'yansu shi ke sa su karɓi aikin ko su ƙi.

Irin waɗannan makarantu sun samo asali ne daga birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, inda a 1924 aka buɗe makaranta domin 'ya'yan ma'aikatan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da na tsohuwar majalisar ƙasashe da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya. Manufar ita ce yaron da iyayensa ke ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa ya sami karatun da ba zai yanke ba. A Nijeriya ma haka aka faro: makarantar St Saviour's ta Ikoyi a 1951, makarantar Amurkawa ta Legas a 1964, sannan takwararta ta Abuja a 1993, bayan gwamnatin tarayya ta koma sabon babban birnin.

Amma abin ya daɗe da tashi daga hidimar 'yan tsiraru ya zama babbar kasuwa. Alƙaluman kamfanin ISC Research, mai bin diddigin wannan fanni, sun nuna cewa a 2000 makarantun ba su kai 3,000 ba a duniya baki ɗaya, amma ya zuwa 2024 sun haura 14,000, ɗalibansu kuma sun doshi miliyan 7, kuma mafi yawansu 'ya'yan 'yan ƙasa ne masu hali, ba 'ya'yan baƙi ba. A 2024 aka ƙulla cinikin hannun jari da ya ƙiyasta darajar kamfanin Nord Anglia, mai makarantu a ƙasashe da dama, a kan dala miliyan dubu 14 da rabi. A shekarar ce kuma tsohuwar makarantar Charterhouse ta Ingila ta buɗe reshe a Legas. Abin lura a nan shi ne, a ƙasashe da yawa babu dokar da ta hana kowa rubuta kalmar ƙasa-da-ƙasa a allon ƙofar makarantarsa. Sunan kaɗai bai tabbatar da kome ba.

Daga ƙarshe ake farawa

Tambayar da ta kamata iyaye su fara amsawa ba ta shafi ginin makaranta ba. Ita ce: a wace ƙasa ake sa ran yaron zai shiga jami'a, kuma wace takardar shaida za a nema a hannunsa a can? Amsar wannan ita ke yanke hukunci a kan manhaja, domin kowane tsari hanya ce mai nata mafita.

A tsarin Ingila, yaro kan yi shekara 2 yana shirin jarrabawar IGCSE, daga shekara 14 zuwa 16 da haihuwa, sannan ya ƙara wasu 2 a kan darussa 3 ko 4 kacal na matakin A Level. Tsarin ya dace da yaron da ya san inda ya dosa tun da wuri, kamar likitanci ko injiniya, amma yana rufe ƙofofi da sauri, domin wanda ya ajiye ilmin sinadarai yana ɗan shekara 16 da wuya ya sami gurbin likitanci daga baya. Tsarin Amurka ya bambanta: ba jarrabawa guda ce ke yanke hukunci ba, ana tara makin darussa ne daga aji na 9 zuwa na 12, a ƙara da jarrabawar SAT ko darussan AP ga mai neman manyan jami'o'i. Shi kuwa tsarin IB, wanda aka kafa hukumarsa a Janeba a 1968, yana wajabta darussa 6, uku daga ciki a mataki mai zurfi, tare da dogon rubutun bincike na kalmomi har 4,000, da darasin nazarin tushen ilmi, da ayyukan taimakon jama'a. Mafi girman maki 45 ne, kuma ba a samun shaidar da ƙasa da 24. Jami'o'in ƙasashe da yawa na karɓarta, sai dai nauyinta kan yi wa yaron da ya yi fice a fanni guda amma ya raunana a sauran yawa.

Faransa ce ta fi kowa sauƙaƙa wa mai yawan ƙaura. Hukumar AEFE da ta kafa a 1990 na kula da makarantu fiye da 500 a ƙasashe sama da 130, ciki har da makarantar Louis Pasteur ta Legas da Marcel Pagnol ta Abuja, kuma duk manhaja ɗaya suke bi. Yaron da ya bar Dakar a tsakiyar shekara zai tarar da kusan darasin da ya bari idan ya isa Alƙahira. Sharaɗin dai shi ne Faransanci, wanda shigarsa bayan yaro ya wuce firamare ba ƙaramin aiki ba ne.

Kafin yaro ya kai shekara 11 ko 12, sauya tsari ba ya yin wata illa mai yawa. Daga shekara 14 zuwa 18 ne haɗarin yake. IGCSE da A Level da shaidar IB duk kwasa-kwasai ne na shekara bibbiyu da ake jarrabawa a ƙarshensu, kuma ba a cika iya raba su biyu ba. Ko da sabuwar makarantar tsari ɗaya take bi da tsohuwar, mai yiwuwa ne hukumar jarrabawarta dabam ce, wato wannan Cambridge waccan Pearson Edexcel, ko littattafan adabin da ta zaɓa dabam ne, ko kuma ba ta koyar da darasin da yaron ya riga ya yi wa shekara guda. Sakamakon da aka saba gani shi ne maimaita aji, wato ƙarin kuɗin shekara guda cur. Saboda haka ma'aikacin da aka yi wa tayin aikin shekara 3 alhali 'yarsa na da shekara 14, lissafinsa ya nuna cewa wa'adin zai ƙare ne a tsakiyar kwas na biyu, kuma a lokacin da ake tattauna kwantiragi ne ya kamata a warware wannan, ba bayan an sauka ba.

Akwai kuma ruɗanin sunayen azuzuwa. Abin da Ingila ke kira shekara ta 7 shi ne aji na 6 a Amurka, don haka ba lalle ne an mayar da yaro baya ba idan lambar ajinsa ta ragu. Ingila na yanke shekarun shiga aji a ranar 31 ga Agusta, Faransa kuwa a ƙarshen Disamba. Makarantun Indiyawa da ke ƙasashen Larabawa, waɗanda iyalai masu matsakaicin albashi kan karkata gare su saboda rangwamen kuɗi, suna fara shekararsu a Afrilu, na Afirka ta Kudu kuma a Janairu. Mai fita daga ɗaya zuwa makarantar da ke farawa a Satumba dole ya yi asarar wasu watanni ko ya tsallake wasu.

Ga iyalin da ke da niyyar dawowa gida, ƙa'idar jami'o'in Nijeriya a fili take: kiredit 5 da suka haɗa da Turanci, da lissafi a yawancin kwasa-kwasai, sannan jarrabawar JAMB. Ana karɓar sakamakon Cambridge a madadin na WAEC, mai A Level ko shaidar IB kuma na iya neman shiga aji na biyu kai tsaye. Wanda ya zo da shaidar kammala sakandaren Amurka ita kaɗai kan tarar ana bukatar ya ƙara da WAEC ko NECO, wato ya koma zaman jarrabawar masu zaman kansu bayan takwarorinsa sun wuce. Haka nan iyayen da 'ya'yansu ke riƙe da fasfon Birtaniya kan ɗauka cewa za a caje su kuɗin 'yan ƙasa a jami'o'in Ingila, alhali abin da ake dubawa shi ne zama a ƙasar na shekara 3 kafin fara karatu, ba fasfo kaɗai ba.

Da wane kuɗi za a biya, har zuwa yaushe

Adadin da makaranta ke bugawa a takardar talla kuɗin koyarwa ne kawai. A bayansa akwai kuɗin cika takardar nema wanda ba a mayarwa, da kuɗin rajista, da abin da makarantu da yawa ke kira gudummawar gine-gine, wadda akan biya sau ɗaya ko kowace shekara, da kuɗin mota, abinci, kayan makaranta, tafiye-tafiye da na jarrabawar ƙarshe. A Hong Kong wasu makarantu kan sayar da takardun lamuni masu tsada da ke ba mai su fifiko wajen samun gurbi, kuma manyan kamfanoni kan saye su domin ma'aikatansu. Kuɗin koyarwar kansa yana hawa ne da hawan aji, ta yadda abin da za a biya wa ɗan shekara 17 kan zarce na ɗan shekara 6 nesa ba kusa ba. Iyalin da ya auna ƙarfinsa da kuɗin firamare ya auna da ma'aunin da bai dace ba.

Wani sharaɗi da ke ɓoye cikin ƙananan rubutu, musamman a makarantu masu bin al'adar Ingila, shi ne ba da sanarwar zango guda cikakke kafin cire yaro. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki ba zato, ko aka sallame shi, zai biya kuɗin zangon da ɗansa bai zauna ba.

Daga nan sai batun wanda zai ɗauki nauyin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana mayar wa ma'aikatanta na ƙetare kashi 75 cikin 100 na kuɗin da ta amince da su har zuwa wani iyaka, kafin ta koma tsarin da kason ke raguwa gwargwadon tsadar makaranta daga 2018. Kamfanoni masu zaman kansu kuwa kowa da nasa: wani ya biya duka, wani ya yanke adadi, wani ya tsaya a 'ya'ya 2 ko 3, wani kuma ya dunƙule kome cikin albashi ya bar ma'aikaci da lissafinsa. Alawus ɗin da aka yanke a adadi guda ba ya motsi, amma kuɗin makaranta na ƙaruwa kusan kowace shekara, kuma alawus ɗin kan tsaya ne ranar da aiki ya tsaya, ko da saura wata 4 a yi jarrabawa.

Babu abin da ya fito da wannan haɗari fili kamar abin da ya sami Naira. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi a watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen Naira 460. Ya zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ɗauka, alal misali, kuɗin makaranta dala 20,000 ne a shekara: a farashin farko Naira miliyan 9 da dubu 200 ke nan, a na biyu kuwa miliyan 30, ba tare da makarantar ta ƙara ko sisin kwabo ba. Wanda albashinsa da dala ne bai ji a jikinsa ba. Ɗan kasuwar da iyalinsa ke Dubai amma cinikinsa na Kano ko Legas, da wanda kamfaninsa ke lissafa alawus da Naira, su ne suka ɗanɗana kuɗarsu. A cikin gida ma dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi cewa Naira ce kuɗin biya a ƙasar, kuma a 2024 hukumar EFCC ta ja kunnen makarantu da sauran cibiyoyin da ke yanka farashi da dala. Ƙa'idar da masu lissafi ke bi a nan mai sauƙi ce: a duba ko kuɗin da ke shigowa da wanda za a biya iri ɗaya ne, idan kuwa ba haka ba, a yi lissafin da farashi mafi muni.

Gwamnatocin ƙasashen da ake zaune ma kan sauya lissafin. Saudiyya ta ɗora wa baƙi harajin Riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu daga Yulin 2017, ya riƙa hawa har ya kai Riyal 400 a 2020, abin da ya sa iyalai da yawa suka mayar da mata da yara gida. Birtaniya kuma ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu daga 1 ga Janairun 2025, wanda ya shafi har iyayen da ke aiki a wata ƙasa suka bar 'ya'yansu a makarantun kwana a can.

Wa ke da makarantar, wa ke duba ta

Makarantun da al'ummar iyaye ko ofisoshin jakadanci suka kafa galibi ba na neman riba ba ne, kuma iyaye na da wakilai a hukumar gudanarwarsu, amma sukan ba 'yan ƙasarsu da ma'aikatan kamfanonin da ke tallafa masu fifiko, sauran jama'a su shiga layin jira. Na kamfanoni sun fi yawan guraben, sai dai ana iya sayar da su kamar kowace kadara, shugaban makaranta da farashi su sauya tare. Rassan shahararrun makarantun Ingila kuwa, da yawansu yarjejeniyar amfani da suna ce tsakanin uwar makarantar da wani mai zuba jari na gida, don haka ya dace a tambayi iyakar hannun da uwar ke da shi wajen ɗaukar malamai.

Ya kamata a bambance abubuwa biyu da masu talla ke son cakuɗawa. Izinin zama cibiyar jarrabawar Cambridge ko IB abu ne dabam, tantance ingancin makarantar baki ɗayanta kuma abu ne dabam, wanda ƙungiyoyi irin su CIS mai hedkwata a ƙasar Holan, ko hukumomin Amurka kamar NEASC da Middle States, ko masu duba makarantun Birtaniya na ƙetare ke yi. Kowace daga cikinsu na wallafa sunayen makarantun da ta tantance, kuma “muna kan hanyar samu” ba daidai yake da “mun samu” ba. A Dubai, hukumar KHDA ta fara duba makarantu masu zaman kansu a 2008 tana bayyana rahotonta ga kowa, kuma an yi shekaru ana danganta ƙarin kuɗin da makaranta za ta iya yi da darajar da ta samu. Inda babu irin wannan hukuma, tambayoyi biyu kan tona asiri: malamai nawa ne suka bar makarantar a bara, ganin cewa yawancinsu kwantiragin shekara 2 suke zuwa da shi, sannan ɗalibai nawa ne cikin 'yan ajin ƙarshe aka bari suka zauna jarrabawa. Makarantar da ke tace masu rauni kafin jarrabawa ba abin mamaki ba ne ta nuna sakamako mai ƙyalli.

Siyasa ma na iya shiga aji. Bayan yunƙurin juyin mulkin Turkiyya na Yulin 2016, an karɓe makarantun da ake dangantawa da Fethullah Gulen a ƙasashe irin su Nijar, Chadi da Sudan aka miƙa wa gidauniyar Maarif ta gwamnatin Turkiyya, iyaye suka wayi gari da sababbin shugabanni da malamai. A Khartum kuwa, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya zo ne ana saura makonni kaɗan a fara jarrabawar Mayu da Yuni, iyalai suka fice da abin da hannu ya iya ɗauka. Wanda ke da kwafin sakamakon kowane zango a ajiye shi ya fi saurin samun gurbi a inda ya sauka.

Harshe da dokar ƙasa

Ba kowace ƙasa ce ke barin kowa ya shiga kowace makaranta ba. A Sin, makarantun da aka keɓe wa 'ya'yan baƙi masu fasfon waje kaɗai suke ɗauka, kuma sukan nemi takardar izinin zaman iyaye, abin da kan zama cikas ga ɗan kasuwar da ke shige da fice da bizar ciniki. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Larabci wajibi ne a makarantu masu zaman kansu, darasin addinin Musulunci kuma wajibi ne ga ɗalibai Musulmi, wanda iyalai da yawa daga arewacin Nijeriya ke ɗauka a matsayin riba.

Yaron da ya zo ba shi da harshen koyarwa kan yaudari iyayensa ba da gangan ba. Binciken masanin harshe Jim Cummins na ƙasar Kanada ya nuna cewa yaro na iya ƙwarewa a hirar yau da kullum cikin kimanin shekara 2, amma harshen karatu da rubutun jarrabawa kan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Makarantu da yawa na cajin kuɗi dabam domin darasin ƙarfafa Turanci, haka nan ga yaro mai bukata ta musamman, har wasu kan sharɗanta wa iyaye ɗaukar mataimakin malami da kuɗinsu. Ɓoye irin wannan bukata a takardar nema ba dabara ba ce, domin yarjejeniyar makarantu da dama ta ba su ikon janye gurbin idan abin ya bayyana daga baya. A ɗaya gefen kuma, harshen gida ne ke zubewa a hankali: yaron da ya tashi a irin waɗannan makarantu kan dawo yana jin Hausa ko Yarbanci ko Ibo amma yana mayar da amsa da Turanci, kuma wannan gyaran ba ya cikin abin da aka biya wa kuɗi.

Dangane da lokacin nema, makarantun da ake rububi kan buɗe rajistar Satumba tun watanni da yawa kafin nan, alhali takardar canjin wurin aiki kan fito ne a ƙurarren lokaci. Takardu ma na cin nasu lokacin. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague da ta sauƙaƙa amincewa da takardun hukuma tsakanin ƙasashe da hatimi guda, saboda haka takardar canjin makaranta da sakamakon da aka bayar a nan kan bi ta Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je, dukansu a Abuja. Wanda ya tafi bai yi wannan ba sai ya sake aiko da takardun gida, yaron kuma yana jira.